Kurman da Ya Ji Kukan Kuloci

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ƙanen mahaifiyata ne, bakanike, ya fi shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, yana tsugunno gaban injinan ban-ruwansu, daga Kura har Bunkure. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.

Jama'a kam an yi jama'a. Sahu ya kai har bakin kwalbati. Na tsaya ina bin fuskoki da kallo, ina neman mutum ɗaya da ya kai aiki rumfar Kawu a cikin wata bakwai ɗin nan, ban samu ba. Ga mai injin casar shinkafa yana goge ido da hannun riga, wai an yi rashin hannu mai albarka. Shi ne fa wanda yake ɗaure kayan injinsa a bayan babur ya zaga ta bayan firamare, don kada ya bi ta gaban Kawu. Ga wani manomin albasa yana girgiza kai, yana cewa irinsu sun ƙare. Sun ƙare mana, ba ku kuka ƙarar da su ba? Har da wanda ya ce shi kullum sai ya je gaishe shi. Kullum! Mtsw. Ƙarya a gaban makara, ko kunyar likkafani babu.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne abin da ya faru kafin kabbara. Liman ya juyo, kamar yadda aka saba, ya ce bawan Allah nan ya tafi, duk wanda ya taɓa saɓa wa ya dubi girman Allah ya yafe masa. Mutane suka amsa ƙasa-ƙasa, mun yafe, Allah Ya yafe mana. Sai Alhaji ya yi gyaran murya. Alhaji surukina ne, uban matata, dillalin tumatir, kuma shi ne mai a-kori-kurar da nake ja. Ya gyara babbar riga a kafaɗa, ya ɗaga murya yadda na sahun baya zai ji.

"Ni dai motata da ya kashe min, da tumatirina da ya ruɓe a hanya, na yafe masa duniya da lahira."

"Allahu akbar!" in ji wani. "Allah Ya saka da alheri, Alhaji."

Ka ji fa. Mutum yana kwance cikin likkafani, ba baki, ba hannu, aka sake ɗora masa laifin da bai yi ba, aka kira abin yafiya, har ana yi wa mai yi addu'a. Ina tsaye daidai bayan Alhaji, ina jin ƙamshin turarensa. Liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu tare da kowa.

To ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Kawu bai kashe motar Alhaji ba. Ko sifana bai ɗora mata ba a wannan karon. Na sani don ina wurin, kuma na sani don ni na yi ƙaryar da ta jawo masa wannan suna. In ba a rubuta an ajiye ba, haka 'ya'yanmu za su taso su ji labarinsa: kurman nan da ya lalata motar Alhaji.

Kurma ne, wannan ba sharri aka yi masa ba. Injina suka cinye masa kunne. Tun yana saurayi yake cikin rurin manyan injina, daga baya ƙananan na ban-ruwa suka cika gonaki, kowanne sai an tayar a gabansa ya kara kai ya saurara. Kunnen dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi a hankali. Shi ya sa in ya gaishe ka, sai na tsallaken titi ya amsa. In kuma kana yi masa magana ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo, a nan yake tsintar abin da kake faɗa. Baƙo sai ya tsargu ya shafa leɓe, ya zaci abinci ne ya maƙale masa.

Amma ku tambayi duk wanda ya san shi, in zai faɗi gaskiya ko ta yini ɗaya ce. Kawu yakan ɗauki dogon sukundireba, ya ɗora tsininsa a jikin inji, ya danna ƙotar a ƙashin muƙamuƙinsa, ya rufe ido. Minti ɗaya, minti biyu. Sai ya buɗe ido ya ce, "Boris ɗin baya ne," ko ya ce, "Ba abin da ya same shi, ƙazantar mai shi ce." A kwance injin, a tarar da abin da ya faɗa. Boris, ga wanda bai sani ba, zoben nan ne mai ƙwallaye a ciki, wanda ƙarfe ke juyawa a kansa. Masu lafiyayyun kunne biyu sun sha tsayawa kusa da shi suna zare ido.

Ba zan mayar da shi waliyyi don ya mutu ba, wannan aikin masu zaman makoki ne, kuma suna kan yi. Kawu yana da baki, bakin kuma ba birki. Wani manomi ya taɓa kawo injinsa, ya rantse makon jiya ya canza baƙin mai. Kawu ya tsoma yatsa a ciki, ya murza, ya shinshina, sannan ya kamo gefen farar rigar mutumin ya goge yatsan a jiki.

"Je ka nuna wa matarka makon jiya!"

Duk layin masu facin taya sai da suka ji. Shi da manomin suka yi shekara biyu ba sa gaisawa. Da dattawa suka zaunar da su, Kawu ya ce shi bai ga abin sulhu ba, rigar ai ta wanku tuni, injin ne har yau yake shan wahala a hannun azzalumi.

Kawun nan dai shi ne ya je wa wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gonar shinkafa can ƙarshen layin ruwa, inda ruwa ba ya hawa sai an ja shi da inji. Ranar da aka saki ruwa a ɓangarensu injinta ya ƙi tashi. In ranar ta wuce sai wani makon, shinkafa kuwa tana ɗaukar ciki. Kawu yana fama da zazzaɓi. Ya naɗe wando, ya ratsa caɓi, ya yini a gindin injin har ya tashi. Bayan girbi ta zo da kanta da shinkafa a bakin buhu. Ta yi godiya, ya ce me? Ta ɗaga murya, ya ce bai ji ba. Ta nuna masa buhun, ya ce shi ba ya sayen shinkafa, ta gwada gaba. Ta gaji ta ɗauki kayanta tana dariya tana hawaye. Kurumtar Kawu takan ƙaru sosai in an zo godiya.

Shi ya koya min tuƙi, ina da shekara ashirin da biyar, bayan noman rani ya karya ni sau biyu a jere. A hanyar gefen kanal muke yi. Ina da ɗabi'ar barin ƙafa a kan kuloci, shi kuwa yana zaune gefe da tafin hannu kamar faranti. Da ya ga ƙafar ta sauka, sai tas a gwiwa. "Cire! Matashin kai ne?" Ban ƙirga marin da gwiwar nan ta sha ba kafin in iya.

Yanzu maganar motar.

Shekara tara Kawu ke duba a-kori-kurar Alhaji, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Bana, ana gab da fara ɗibar tumatir, kuloci ya soma santsi: ka taka totur inji ya yi ta ihu, motar kuwa da ƙyar take jan jiki. Na ce a kai wa Kawu. Sai yayan matata ya sa baki. Shi ne babban ɗan Alhaji, ya yi shekara uku a birni yana karatun da har yau ba a ga takardarsa ba, amma a gida Injiniya ake ce masa.

"Haba Baba, har yanzu gindin bishiya? Akwai gareji a cikin birni, da kwamfuta suke duba mota, har garanti suke bayarwa. Mutumin da ba ya jin sallama ne zai ji inji?"

Alhaji ya yi dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe min, 'yar dariyar nan ta mai neman zama lafiya a gidan surukai.

Muka kai ta. Ba zan kama sunan garejin ba. Ƙasa da tayil, ma'aikata da riga iri ɗaya, manaja da kujera mai juyawa da Turanci a baki. Motar ta girmi wanda ke riƙe da kwamfutar, ko wurin jona ta ba ta da shi, amma sai da ya zagaya ta da ita sau biyu don Injiniya ya gani. Cikin kwana biyu suka sauke giyabos, suka sa sabon farantin kuloci da murfinsa da babban boris, suka jera mana tsofaffin a kwali kamar kayan lefe. Injiniya ya ɗauki hoto da waya.

Ban kai Kura ba na ji ta. Duk lokacin da na taka kuloci har ƙasa zan canza giya, sai wani siririn kuka, ƙiiii, in na saki ya ɗauke. Washegari na koma. Manaja bai ko tashi daga kujerarsa ba.

"Nomal ne, direba. Sabo ne, bai zauna ba. Ka ba shi sati biyu."

Bai zauna ba! Kamar amarya aka kawo. Ko zuwa bai yi ya saurara ba, mai kunne biyu, har da abin jin waya a ɗaya.

Bayan kwana huɗu kukan ya ƙaru, giya ta ɗaya ta fara gardamar shiga. Na sauke taki a Kadawa, na karkata na tsaya a rumfar Kawu ba da sanin Alhaji ba. Ya san an kai motar birni, a ƙasar nan ba a ɓoye komai. Ya kalli bakina har na gama bayani, sannan ya ce in sauka. Ya cire takalmin hagu, ya kakkaɓe tafin ƙafa, ya hau kujera ya tayar da ita.

Duk direban da zai karanta wannan ya riƙe abin da ya yi. Da farko ya bar ta a firi, bai taɓa kuloci ba. Ya ɗora tafin hannu a kan sandar giya, ya yi shiru.

"Giyabos lafiya," ya ce. "Da shi ne, yanzu zai yi ta gunaguni, in an taka ya yi shiru."

Sai ya ɗora babban yatsan ƙafa a kan kuloci, ya danna kaɗan, daidai inda ya fara jin nauyi. Ya tsaya a nan, ya dube ni.

"Yana kuka?"

Na girgiza kai.

"Na sani. Tambayar ka nake in ga ko kunnen naka yana da amfani. Da babban boris ɗin da suka sa ne, daga an taɓa zai fara. Wannan nasu lafiya lau."

Sannan ya taka har ƙasa, ya tura giya, ya riƙe. Kukan ya tashi. Na ga yatsun ƙafarsa sun kama ƙarfen. Ya mayar da ita firi, ya saki, ya sake takawa. Sau uku ya yi haka, ya kashe mota.

"Ba sabon ne ke kuka ba, ɗan nan. Tsohon da suka bari a ciki ne."

Ya sauko ya zana min a ƙasa da tsinke. A tsakiyar fulawil, babban faifan ƙarfen nan da ke bayan inji, akwai wani ɗan ƙaramin boris, bai fi murfin kwalba ba. A cikinsa kan sandar giyabos ke shiga ya zauna. Ba ya aiki sai an taka kuloci har ƙasa, lokacin da inji ke juyawa ita kuma sandar ta tsaya. Ciro shi akwai wahala, kuma mai mota bai san da shi ba balle ya tambaya.

"Sun canza wanda za a nuna wa mai mota, sun bar wanda sai an yi gumi. Kada ka yi mata lodi. In ya ƙone zai kama sandar, ka taka kuloci kamar ba ka taka ba, giya ta ƙi shiga. Ka mayar musu su sauke su canza, aikinsu ne, ni ba zan sa hannu ba. In kuma ta ƙi shiga a hanya, kada ka yi mata dole. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ya sa takalminsa ya koma kan wani inji da yake kwancewa. Iyakar abin da ya taɓa motar nan a jikin Kawu a ranar ke nan, tafin hannu ɗaya da ƙafa ɗaya.

Da yamma na samu Alhaji a zaure, na tsuguna, na faɗa masa. Injiniya har da riƙe ciki.

"Da ƙafa? Baba ka ji, wai da ƙafa ya ji!"

"Tumatir ya nuna," in ji Alhaji. "Ba zai jira ƙafar kawunka ba. Gobe lodi."

Aka yi mata lodi, kwando kan kwando har ya fi kan mota. Na kama hanyar Zariya. Na wuce Kwanar Ɗangora kaɗan na tarar da cunkoso, na tsaya. Da hanya ta buɗe na taka kuloci, giya ta ce ba ta san zancen ba. Rana tsaka, na baya suna ta danna min hon, wani yana zagi ta taga. Maganar Kawu tana kaina sarai, ba mantawa na yi ba. Na sa hannu biyu na danna sandar da ƙarfin tsiya. Wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashina, shi ke nan. Motar janwe ba ta iso ba sai washegari da la'asar. Kafin nan jan ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙudaje sun yi baƙi a kan kwanduna, masu wucewa suna toshe hanci.

A gabana suka sauke giyabos a garejin nan. Alhaji da Injiniya suna ofis an ba su lemo. Da idona na ga ɗan boris ɗin: ya ƙone ya yi baƙi, ya kama kan sandar, ga tsatsar shekaru a gefensa. Haƙoran giya biyu sun karye, wannan kuma aikin hannuna ne. Bakaniken da ya ɓamɓaro shi ya dubi manaja, manaja ya dube shi. Bakaniken ya sake shi ƙasa, ya tura shi ƙarƙashin benci da gefen takalmi. Sannan aka kira Alhaji.

"Alhaji, aikinmu ba ya yin haka," in ji manaja. "Akwai wanda ya taɓa motar nan bayanmu?"

Injiniya ya yi caraf. "Ya kai ta wurin wani tsoho a gindin bishiya."

"Shi ke nan! Su ne ke kwance abu su kasa mayarwa. Ai garanti ya tashi."

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai, kawun naka ya kwance ta?"

Ga gaskiya a bakina, ga ɗan boris ƙarƙashin benci, taku uku tsakanina da shi. Amma in na faɗa, Injiniya ya zama wawa a gaban ubansa, Alhaji ya zama wanda aka gargaɗa ya ƙi ji, daga nan kuma a zo kan wanda ya karya haƙoran giya.

"Ban sani ba, Baba," na ce. "Na bar masa ita na je salla."

Salla. Da ita na lulluɓe ƙaryar.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar suruki ce. A wurinmu mutum ba ya cin abinci gaban surukinsa, balle ya ƙaryata ɗansa a bainar jama'a. To ba kunya ba ce, tsoro ne. Tsoron kada a karɓe makulli in koma gona, matata ta riƙa kallona a gidan da ubanta ya ba mu muke zaune. Tir da ni, wallahi tir.

Alhaji ba ya buƙatar lasifika. A wurin lodin tumatir, a majalisa, a bakin masallaci, magana ɗaya ce: kurman nan ya kashe min mota. Manoma kuwa kun san su, wanda ke sayen tumatirinsu shi ke yi musu tunani. Ba wanda ya tsaya ya ce, mutumin da ya yi shekara arba'in yana tayar mana da inji, yau ne zai manta yadda ake ɗaure noti? Cikin mako uku rumfar Kawu ta bushe. Suka koma wurin masu canza kaya ɗaya bayan ɗaya har inji ya gaji ya tashi don kansa. Shi kuwa kullum da safe sai ya fito, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, ya zauna. Da yamma ya kwashe.

Sau ɗaya ya zo ƙofar gidan Alhaji. Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, wurin cike da mutane. Ya tsaya da rigarsa ta Juma'a, ya yi sallama da muryar nan tasa.

"Alhaji! An ce ka ce na kwance motarka! Ga wanda ya kawo ta nan, a tambaye shi!"

Alhaji bai dube shi ba. Ya kare baki da hannu, don ya san yadda Kawu ke ji, ya ce da na kusa da shi, "Ku ba shi haƙuri ya tafi, tsufa ne." Kawu ba Alhaji yake kallo ba ma. Ya juyo gare ni, ya tsayar da ido a bakina. Na sunkuya ina gyara igiyar wani kwando da ba abin da ya same ta. Da na ɗago ya tafi.

Daga ranar na daina bin hanyar rumfarsa. Ni ma ta bayan firamare nake zagayawa, ni da mai injin casa, wani lokaci har mu yi wa juna hon. Da ya kwanta jinya na je sau ɗaya, cikin ayarin masu dubiya, na tsaya daga baya inda kafaɗun mutane suka kare ni.

Jiya aka yi addu'ar uku. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana rabon waina, Alhaji ne kaɗai a kan kujera. Wani ya sake tayar da zancen.

"Kun ji abin da Alhaji ya yi ranar jana'iza? Wannan shi ne girma."

"Ai Baba ba ya riƙo," in ji Injiniya, bakinsa cike da waina.

Wainar sadakar Kawu fa yake ci. Ban san lokacin da na miƙe ba. Liman ya ɗaga hannu ke nan zai rufe addu'a.

"Malam, a gafarce ni, ina da magana kafin a shafa."

Na fuskanci kujerar, abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Kawu bai yi maka laifin da za ka yafe ba. Bai kwance motarka ba, ina tsaye har ya gama, ban je ko'ina ba. Ya ce kada a yi lodi, na faɗa maka, aka yi dariya. Gareji ne suka bar tsohon boris a ciki, na gan shi, a gabana suka tura shi ƙarƙashin benci. Giya kuma ni na karya ta da hannuna. Ƙarya na yi masa."

Can sai mai injin casa ya yi ajiyar zuciya. "Ai ni dama na faɗa, hannun marigayi ba ya ɓata aiki." Taɓ! Dama ya faɗa. A ina, a bayan firamare?

"Nan wurin makoki ne ko kotu?" in ji Injiniya.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Baki ɗaya, ka ji wayo, ya raba laifin nan take kowa ya samu kaɗan-kaɗan. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. "Kawo makullin."

Na ciro na sa masa a hannu. Liman ya yi addu'a, Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya sa aljanna ce makomarsa, Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo. Aka shafa. Mutane suka watse da sauri, kowa yana neman takalminsa kamar wuta ake yi.

Na shiga cikin gida wurin Inna, matar Kawu. Tana zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, mata sun kewaye ta. Na tsuguna. Ba zan ɓoye ba, a zuciyata ina jiran ta ce Allah Ya yi maka albarka. Na ba da makulli, na ba da abincin gidana, na zaci na sayi albarkar.

"Inna, na wanke sunan Kawu. Na faɗa a gaban kowa."

"Na ji," ta ce. "Katangar ba ta da tsawo."

Ta gyara mayafi. Ba kuka take yi ba, muryarta lafiya lau.

"Sau nawa na ce masa ya je ya kai ƙara wurin mai gari. Sai ya ce a bari, ɗan nan zai faɗa, ni na koya masa tuƙi, na san shi, nauyin baki ne da shi. Ranar da kuka zo dubiya ya ce in ɗaga masa kai. Na zaci ruwa yake so. Ashe kai ya hango a baya, yana so ya ga ko bakinka zai motsa. Na riƙe masa kan har kuka fita."

"Inna..."

"Yau ka faɗa wa masu kunne. Su dama ba abin da suka rasa. Tashi ka ba mata wuri, masu gaisuwa suna jira."

Na tashi.